Milimita Huɗu

Tun ina 'yar shekara tara nake riƙe da tef ɗin awo. Mahaifiyata tela ce, a gindin kekenta na tashi, kuma kafin ta bar ni in taka keke sai da ta koya mini awo. Takan ce wanda ya ɓata awo ya gama ɓata yadi tun almakashi bai taɓa shi ba. Na girma na gaji sana'ar, na kuma gaji yarda da lamba. In tef ya ce inci 34, to 34 ne, babu ja-in-ja. Na fara da wannan ne don a gane yadda aka yi lamba ɗaya a jikin takarda ta nesanta ni da 'yata tana kwance a gabana da ranta.

Cikina na biyu ne. Na farkon ya zube yana wata uku, muka shekara huɗu muna jira kafin na sake samu. A watan Maris na 2022, cikin yana mako 27, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga, zobe ya kama mini yatsa. Na ɗauka kumburin masu ciki ne. Sai ranar da ciwon kai ya hana ni ganin ƙofar allura, wasu 'yan taurari suna ta gilmawa a idona, maigidana ya ce in ajiye ɗinkin mu tafi asibiti. Jinina ya hau 170 bisa 110, fitsari kuma ya nuna furotin. Likita ta ce irin wannan hawan jinin ne yake kai mai ciki ga jijjiga, kuma ba ya sauka sai an raba uwa da cikin. Aka yi mini allurar da ke gaggauta ƙosawar huhun jariri, aka ɗaura mini maganin hana jijjiga, aka ja lokaci har kwana biyu don allurar ta yi aiki. A dare na uku aka shiga da ni tiyata.

Ban ji kukanta ba. Da na farfaɗo maigidana ne a kaina, idonsa ja wur. Ya ce, "Mace ce. Tana nan da ranta, an sa ta a kwalba." Nauyinta giram 920.

Sai da na kwana biyu aka tura ni a keken marasa lafiya zuwa ɗakin jarirai. Na saba jin kalmar bakwaini, amma ban taɓa ganin wanda bai kai kilo ɗaya ba. Fatarta ja ce, siririya, ana ganin jijiyoyi ta ciki. Kunnenta in ya lanƙwashe haka yake zama sai an miƙe shi. An liƙa mata bututun iska a hanci, wani siririn bututu ta baki zuwa ciki, wayoyi uku a ƙirji. Cinyarta ba ta fi babban yatsana ba. Nas ta buɗe ƙaramar tagar kwalbar ta ce in sa hannu, kada in shafa, in ɗora kawai, don shafa tana damunsu. Na ɗora tafina ya rufe ta daga kafaɗa har gwiwa, na ji ƙirjinta yana harbawa da sauri kamar na tsuntsu.

Daga baya na san cewa duk jaririn da aka haifa kafin mako 37 bakwaini ne a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa waɗanda ba su kai mako 32 ba sun fi shiga haɗari, kuma 'yan ƙasa da mako 28 su ne rukunin da ya fi kowa rauni. A nan tawa take. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai an haifi bakwaini miliyan 13.4, wato wajen ɗaya cikin kowane jarirai goma. A ranar dai ji nake kamar ni kaɗai abin ya taɓa faruwa da ita.

Kwanakin farko na yi ta maza. Ina tatsar nono duk bayan awa uku, ana ba ta mililita ɗaya ta bututu. Na koyi karanta allon da ke saman kwalbar: bugun zuciya ya riƙa yawo tsakanin 140 da 160, iskar da ke cikin jini kada ta sauka da yawa. In ta manta da numfashi, abin da suke yi sosai, na'ura ta yi ƙara, nas ta taɓa mata tafin ƙafa ta dawo. Kullum ana ba ta maganin kafeyin, sinadarin nan da ke cikin garin kofi, don ya riƙa tuna wa ƙwaƙwalwarta numfashi.

A rana ta shida likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta ya daɗe bai ɗaga ba. Ya ce yana jin wani sauti a zuciyar, za a yi mata hoto, wanda suke kira eko. Aka turo na'urar har bakin kwalba. Kan abin ɗaukar hoton bai fi yatsa biyu ba, amma ya kusa cinye ƙirjinta duka. Na tsaya daga baya ina kallon allon, ina ganin wani abu toka-toka yana buɗewa yana rufewa, ja da shuɗi suna walƙiya. Ta yi ta mutsu-mutsu, iskarta tana sauka, ana tsayawa ana ci gaba.

Da yamma wani matashin likita ya zo da takardar. Ga alama ya kwana yana aiki, don yana magana yana murza ido. Ya ce abu biyu aka gani. Na farko akwai wata 'yar jijiya da ya kamata ta rufe ba ta rufe ba, wannan kuma an saba gani. Na biyu, ƙofar da jini ke bi ya fita daga zuciya zuwa jiki ta yi ƙanƙanta. Ya nuna mini da biro: milimita 3.9, a gefe kuma an rubuta Z, an sa −2.4. Ya ce abin da ake so ya tsaya tsakanin −2 da +2, nata ya faɗa ƙasa. Likitan zuciyar yara zai duba ta in ya zo, amma sai mako mai zuwa. Aka kira shi wani gadon ya wuce. Ban riƙe shi a raina ba har yau, abin da ke rubuce ya karanta mini.

A daren na zaro tef ɗina daga jaka, don ko asibiti ban rabu da shi ba. Mu teloli da ɓangaren inci muke aiki, sai na juya bayansa inda santimita take. Na ƙirga ƙananan layuka huɗu na sa farce a kai. Iya faɗin da ke tsakanin farcena da bakin tef ɗin, ta nan duk jinin 'yata yake bi, kuma an ce ko hakan bai cika ba. Na ɗauki waya na shiga intanet. Kafin asuba na karanta labarin yaran da ake haifa ɓangaren hagu na zuciyarsu bai ginu ba, da tiyata uku da ake yi musu, da waɗanda ba sa kaiwa. Babu wanda ya ce mini wannan ne ciwon 'yata. Ni na ɗauko shi na ɗora mata.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi yi mini nauyin faɗa. Na daina sa hannu a kwalbar. Zan zo in tsaya daga nesa, in duba allo, in koma. Na yanke a raina cewa tafiya za ta yi, kuma in na bari na shaƙu da ita ba zan iya tashi ba, don na san yadda na ƙare a ɓarin farko. Na daina tambayar nauyinta. Nonon da nake tatsa ya fara ja da baya, har wata rana na tatsa minti ashirin ban rufe gindin roba ba. Ga kuma zargin kai. Ina ta lissafin daren da na kwana a kan keke, da kumburin da na raina, ina cewa ni na hana zuciyarta girma. Maigidana yana shiga yana yi mata addu'a a hankali ta tagar kwalbar, ya fito ya same ni a baranda. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Sau ɗaya kawai ya ce, "Tana juyo da kai in ta ji murya. Da kin zo kin gani." Na yi shiru.

A waɗannan kwanakin aka yi mata maganin jijiyar da ba ta rufe ba. Wata nas mai shekaru ce ta zauna ta yi mini bayani, ko da yake rabin hankalina ba ya wurin. Ta ce jariri a ciki ba ya numfashi, uwa ce ke ba shi iska ta cibiya, don haka akwai wata gajeriyar hanya da ke karkatar da jini daga jijiyar huhu zuwa babbar jijiyar jiki. Wanda ya cika watanninsa, hanyar takan tsuke cikin kwana biyu zuwa uku da haihuwa. Bakwaini kuwa sau da yawa takan zauna a buɗe, musamman 'yan ƙasa da mako 28, shi ne abin da ake rubutawa PDA. In ta yi faɗi sai jini ya riƙa komawa huhu fiye da ƙima, numfashi ya yi wuya. Aka ba ta ibuprofen sau uku, kullum sau ɗaya. Saboda maganin yana iya taɓa ƙoda, duk kunzugun da aka cire mata sai an ɗora shi a sikeli a san yawan fitsarin.

Nas ɗin nan ce ta fara lura da ni. Ta ce, "Maman yarinya, kwana nawa rabon da ki taɓa ta?" Na ce, "Sista, tsoro nake ji." Ba ta ce komai ba, ta kama hannuna ta matsa, ta ci gaba da aikinta.

Mahaifiyata ta zo kwana takwas bayan hoton. Na nuna mata takardar da layuka huɗun a jikin tef. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "'Yar nan, wa ya auna? Sau nawa ya auna? Tana kwance lamo ko tana motsi?" Na ce, "Inna, wannan fa na'ura ce." Ta ce, "Na'urar ita ta riƙe kanta?"

Washegari likitan zuciya ya zo, dattijo ne mai magana a hankali. Sai da ya ɗumama man da ake shafawa a tafinsa kafin ya taɓa ta, ya jira aka ba ta nono ta yi barci. Ya kira ni ya ce in matso kusa da allon. Ya fi rabin awa yana dubawa, yana tsayar da hoto yana sa ɗigo biyu, ya goge ya sake.

Ya nuna mini ɗakuna huɗu na zuciya, biyu sama biyu ƙasa, da ƙofofi huɗu. Ɗaya tsakanin ɗakunan dama mai marfi uku, ɗaya tsakanin ɗakunan hagu mai marfi biyu, ɗaya a bakin jijiyar huhu, ɗaya a bakin babbar jijiyar da ke kai jini ga jiki, wadda ake magana a kanta. Aikinsu duka ɗaya ne, su bar jini ya wuce su hana shi komawa. Ja da shuɗin da na ɗauka jini mai kyau da marar kyau ne, ashe ja yana nufin jinin da ke tahowa wajen na'urar, shuɗi wanda ke yin nesa da ita. Ya juya hoton sai ga ƙofar nan ta fito a zagaye, marafanta uku suna buɗewa gaba ɗaya suna haɗuwa. Ya ce, "Malama, ƙirga su da kanki." Na ƙirga.

Awonsa ya ba da 4.4, 4.3, 4.4. Nan take na ce, "Likita, to wanne ne gaskiya, 3.9 ko 4.4?" Ya ce in duba girman ɗigon da yake sawa a allon, in kuma tuna zuciyar tana bugawa sau 150 a minti, yarinya tana motsi, ga iskar huhu tana tare hoto. Ana auna wannan ƙofar ne daidai lokacin da take a buɗe, daga gindin marfi zuwa gindin marfi. In hannu ya ɗan karkace, ko aka tsayar da hoton a wani lokacin daban, rabin milimita ya tafi. A zuciyar babba rabin milimita ba komai ba ne, a nan kuwa ya fi kashi goma cikin ɗari.

Sai ya zo kan harafin Z. Ya ce wannan lambar ba awon ƙofar ba ce, kwatanci ne. Ana ɗaukar nauyin yaro da tsawonsa a fitar da girman jikinsa, a duba matsakaicin faɗin ƙofar a wurin yara masu lafiya masu irin wannan jikin, sannan a ga nisan da shi ya yi daga tsakiya. Sifili shi ne tsakiyar. Kusan 95 cikin 100 na masu lafiya suna tsakanin −2 da +2, wato ko a cikin lafiyayyu za a sami biyu ko uku a ɗari da suke ƙasa da −2 ba tare da komai yana damunsu ba. Babbar maganar kuma, yawancin jadawalin da ake kwatantawa da su an gina su ne da awon jariran da suka cika wata tara da yaran da suka fi su girma. Irin tawa, 'yan ƙasa da kilo ɗaya, kaɗan ne a ciki ko babu. Sai kwamfuta ta ja layin ta sauko da shi inda ba a auna kowa ba. Ya shigar da awon farkon nan a wani jadawalin, sai lambar ta canza a gabana.

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, don wannan na san shi a hannuna. Babu telar da za ta ɗauki awon rigar babba ta yi ta ragewa daidai-wa-daida ta ce ta yanka ta jariri. Kan jariri babba ne a kan jikinsa, wuyansa gajere, cikinsa ya fi ƙirjinsa. In ka bi lissafin ragi za ka ɗinka rigar da ba za ta wuce kai ba. Na faɗa masa haka, ya yi murmushi ya ce shi ya sa masu bincike suke auna zuciyar ƙananan bakwaini lafiyayyu don a samar musu jadawalin kansu.

Bai ce mini komai ya wuce ba. Ya ce abin da ya kwantar masa da hankali shi ne marafan uku ne kuma suna buɗewa sosai, jini yana wucewa ba da gudun da ke nuna matsi ba, ɗakin hagu na ƙasa cikakke ne yana matsawa da kyau, bugun jijiyar cinyoyinta yana da ƙarfi. Amma zai sake dubawa bayan mako uku, don abin da yake son gani shi ne ƙofar tana girma tare da mai ita. Kuma na ga dalilin wannan taka-tsantsan da idona. Yaron da ke kwalbar kusa da tamu, shi an sami ƙofar jijiyar huhunsa a matse da gaske, aka mayar da shi wani asibitin inda ake zira siririn bututu mai balan-balan ta jijiya a buɗe ta. Hoton nan ne ya gano shi da wuri. Wata kuma a ɗakin, wadda zuciyarta lafiya lau, ciwon hanji ya ɗauke ta cikin kwana biyu. Har yanzu ina jin kukan uwarta.

Da yammacin ranar na wanke hannu har gwiwar hannu na je na tsaya gaban kwalbar. Nas ɗin nan ta dube ni ta ce, "Za ki ɗauke ta?" Na ɗaga kai. Su biyu suka tattaro wayoyi da bututu, suka kwantar da ita a ƙirjina, fata da fata, daga ita sai kunzugu da hula, suka lulluɓe mu. Nauyinta bai fi na almakashina babba ba. Ta yi 'yar miƙa, ta ɗora kunnenta daidai kan zuciyata ta yi lamo. Ina kallon allo bugunta ya daidaita. Na sunkuya na ce mata ta yafe mini kwana taran nan, hawaye yana zuba a kan hularta. Kafin a mayar da ita gaban rigata ya jiƙe da nono.

Wannan riƙon shi ake kira renon kangaru. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978, lokacin da kwalabe suka yi wa jarirai kaɗan. A Nuwamban 2022, watanni bayan an sallame mu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa fara shi nan da nan bayan haihuwa ga yawancin bakwaini. Da na ji labarin sai na tuna kwanakin da na tsaya a baranda.

Daga nan na zama mai tambaya. In aka ba ni lamba sai in ce da su wa aka kwatanta ta, kuma me ta nuna a makon jiya. Na sami ɗan littafi ina rubuta nauyinta kullum. A hoto na uku ƙofar ta ƙaru kamar yadda jikin ya ƙaru, jijiyar nan kuma ta tsuke saura kaɗan. Muka sha ƙarin jini sau biyu, da duban ido, da wani zazzaɓi da ya mayar da mu baya mako guda. Bayan mako goma aka sallame mu tana kilo biyu ba kaɗan. Tana wata huɗu likita ya ce jijiyar ta rufe da kanta.

Tsoron bai bar ni lokaci ɗaya ba. Na fi shekara ina tashi cikin dare in ɗora hannu a ƙirjinta. Hawan jinin ma ya bar mini tabo, har yanzu ina zuwa ana duba ni, an kuma gargaɗe ni cewa in na sake samun ciki in fara awo da wuri. Takardun biyu, mai 3.9 da mai 4.4, suna nan a ninke cikin gwangwanin da nake ajiye zare.

Watan jiya muka koma wurin dattijon, dubawar da ya ce ita ce ta ƙarshe. Yarinyar da tafina ya taɓa rufewa ita ta hau gadon da kanta, ta ɗage riga, ta ce man da sanyi. Ya juyo mata da allon. Ta zuba ido tana kallon ƙofar hagu, marafanta biyu suna haɗuwa suna rabuwa.

Ta ce, "Mama, wa yake tafi a cikina?"

Likita ya ce, "Ke ce."

Sai ta ɗaga hannuwanta biyu tana tafawa tana ƙoƙarin bin bugun, har sai da ya roƙe ta ta tsaya ya ƙarasa awonsa.